Keke Na Bakwai

Masu bibiyar labarina, yau sai kun yi haƙuri da ni, don ba zan fito da kyau a wannan kashin ba. Sau uku ina rubuta shi ina gogewa, kowane karo ina laluben wanda zan jingina wa laifin. Daga ƙarshe na ce wa kaina, ke da kike tsare yara a aji ki ce sai sun faɗi wanda ya fasa tagar, ai sai ki faɗi naki.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni malamar firamare ce, 'yan aji uku nake koyarwa, shekarata ashirin da shida. Ni ce kuma sakatariyar ƙungiyar matan jam'iyya ta unguwarmu. Ba iya siyasa ce ta ba ni muƙamin ba. Rubutuna ne mai kyau, sannan shugabar ƙungiyar Goggona ce, yayar Baba, wadda in ta yi gyaran murya a gidanmu har Baba sai ya gyara zama. Wanda nake so kuwa mai gyaran keken ɗinki ne. A gida Bakanike ake ce masa, da wata irin murya da ke nuna ba yabo ba ne. Ni a wayata Shiru na sa masa, don in ya yi magana goma a yini to ranar ya yi surutu. Shekara biyu ke nan yana zuwa ƙofar gidanmu, shekara biyu Baba yana cewa a bari tukuna.

Ofishin ƙungiyarmu shago ne mai ciki biyu. A na waje akwai benci shida, da fanka mai kaɗa kai kamar tana musu, da teburina. Na ciki sito ne, nan muke ajiye kujerun roba da tsintsiyoyi da bokitan haɗa sabulu. Aikinmu ba wani boyayye ba ne: ran Asabar mu share asibitin unguwa, mu haɗa sabulun ruwa mu sayar a zuba a asusu, mu je dubiya, mu je gaisuwa, in an yi taron jam'iyya mu cika rumfa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani, don a kansa komai ya rataya. Kowace mace a ƙungiyar tana da kati. In ta zo zama na buga mata hatimi ɗaya, in ta zo shara ɗaya, in taron jam'iyya ne na zama cikin rana, biyu. Duk abin da za a raba, da yawan hatimi ake rabawa. Kafin katin nan rabon zannuwa ma sai an yi dambe an yaga mayafi. Ni na kawo tsarin, daga rajistar ajina na kwaikwayo shi, kuma har ranar da nake ba ku labari ina alfahari da shi.

Bana muka ce za mu raba kekunan ɗinki ga iyayen marayu. Abin da sabulu ya kawo bai kai na sababbi ba, sai muka shiga gida-gida muna roƙon tsofaffi. Wata ta ciro nata daga ƙarƙashin gado, wata daga bayan buhunan gawayi, wata ma kaji ne ke kwana a kan nata. Muka tara goma sha ɗaya, duk baƙaƙe irin na da, duk sun yi tsatsa. Ni na ce na san mai gyara.

Anti Lasifika, wato mai sanarwarmu, wadda ba ta buƙatar a kunna mata komai kafin a ji ta a bakin titi, ta ce, "Kin san mai gyara, ko kuwa kin san mai gyara?"

Aka kwashe da dariya. Goggo dai ba ta yi ba, amma ba ta hana ba.

Ya riƙa zuwa kowace Asabar bayan ya rufe shago da azahar. Ya shimfiɗa kwali a sito, ya kwance keke ɗaya-ɗaya, ya jera kusoshin a murfin gwangwani, ya wanke da kananzir, ya mayar. Wanda ya gama sai ya gwada shi a kan ƙyalle, ya karɓi allina ya rubuta masa lamba a gefe. Bai karɓi ko sisi ba. Ruwa ma sai na ce masa sau biyu yake sha.

Asabar ta uku ya zo da wani keken a naɗe cikin tsohon bargo. Lokacin ya gama shida. Ya ajiye shi a hankali kamar mai kwantar da jariri, ya buɗe. Wannan bai yi tsatsa ba, har zanen ruwan zinarin jikinsa yana nan.

Na ce, "Wa ya bayar?"

"Na Ummata ne."

Mahaifiyarsa ta rasu bara, bayan ta yi shekara biyu a kwance. Na ce, "Haba, shi za ka bayar?"

"Malama, alfarma nake nema."

Bai taɓa neman komai a wurina ba, ko hotona bai taɓa cewa in turo ba. Na ja kujerar roba na zauna.

Ya ce akwai maƙwabciyarsu ta tsohon gida, Inna yake ce mata. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ita ta yi jinyar mahaifiyarsa, ita ke mata wanka, ita ke juya ta, ita ke ba ta abinci a baki, shi yana shago. Bayan rasuwar ya kai mata atamfa ta dawo da ita, ya aika da shinkafa ta dawo da ita. Ta ce ita ba lebura ba ce da za a sallame ta. Ta iya ɗinki, amma ba ta da keke, da hannu take yi wa mutane faci da ɗaurin maɓalli.

"In daga hannuna ne ba za ta karɓa ba. In ƙungiya ce ta kira ta cikin mata, za ta karɓa. Ko ta gane shi daga baya, ya riga ya shiga ɗakinta."

"Tana da kati?"

"Wane kati?"

Na yi dariya na ce, "Bar shi kawai. Ai ni ce mai biro."

Ku lura da wannan maganar, 'yan uwa. Da sauƙi na faɗe ta, ina kaɗa ƙafa. Ya ɗauki alli ya rubuta bakwai a gefen keken, ni kuma a takardar rabo na rubuta sunan Inna a layi na bakwai. Ya ce daga ranar zai daina leƙa ta har abin ya lafa, kada ta ga fuskarsa ta zargi wani abu.

Ran Larabar makon rabo, bayan ya gama gyara duka, da la'asar Goggo ta zo gidanmu duba takardar. Tana sanye da leshi ruwan toka mai duwatsu, ɗaurin nan nata mai tsayi, da jakar da ba ta ajiyewa a ƙasa. A ɗakin Umma muka zauna. Umma tana ninke wanki a bakin gado, ni ina kan darduma. Goggo ta maƙala tabarau ta bi sunayen da yatsa, tana gyaɗa kai, har yatsan ya tsaya.

"Wace ce wannan?"

"Wata baiwar Allah ce, Goggo. Marayu huɗu gare ta."

"Hatiminta nawa?"

Na gyara zama a kan darduma.

"Na ce nawa?"

"Ba ta da kati."

Ta cire tabarau. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "'Yar nan, akwai matar da ta yi wata takwas tana zuwa shara da goyo a baya. Akwai wadda ta suma a rumfa ran taro, aka yayyafa mata ruwa ta tashi ta koma ta zauna. Su ma marayun gare su. Ranar rabo in kira wadda ba su taɓa gani ba, in ce musu me? Ke kika kawo mana katin nan, kika ce da shi za a daina cewa Shugaba tana son kai."

Gaskiya ta faɗa. Abin da ya kamata in yi a nan ɗaya ne: in ce Goggo, keken nan ba na ƙungiya ba ne, mai shi ya kawo shi da sharaɗi, in ba za a cika ba a mayar masa da abinsa. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba. Har na buɗe baki.

Sai Goggo ta juya wajen Umma, kamar an canja zance. "Af, yaron nan Bakanike, na zauna na kalli aikinsa. Yana da natsuwa. Ba ya kallon mata, ba ya taɓa abin da ba a ba shi ba. Ina ganin lokaci ya yi da zan zauna da ƙanena a kan maganarsa."

Hannun Umma ya tsaya a kan zanen da take ninkewa. Ta ce, "Yaya, da kin taimake mu. Ƙannenta biyu suna ɗakunansu, ita kullum makaranta da taro. In na fita unguwa tambayar ke nan."

"Zan yi magana," in ji Goggo. Ta ɗora takardar a cinyata, ta ɗora biro a kai. "Gyara wannan tukuna, mu gama da abu ɗaya."

Ba ta ce in kin yi kaza zan yi kaza ba. Har gobe ba zan iya rantsuwa cewa ciniki ta yi da ni ba. Wataƙila ni ce na ji ciniki don shi nake son ji. Umma ta zuba mini ido, irin kallon da ke cewa kada ki ɓata mana. Na tashi na ɗauko rula a jakar makaranta, don ban iya jan layi a karkace ba, na soke sunan Inna, na rubuta na matar da ke biye a yawan hatimi.

Na lallashi kaina da dabara. Na ce ran Asabar da sassafe zan riga kowa zuwa, in tura na bakwai bayan bokitai in rufe da buhu, in ce bel ɗinsa ya tsinke sai an sake gyara. In taro ya watse in san yadda zan yi da wadda aka rubuta, shi kuma ya tafi inda aka nufa da shi. Ba wanda zai ji ciwo. Har na ji daɗin wayona.

Ran Juma'a na taso daga makaranta na biya ofis ɗaukar hatimi. Tun daga bakin titi warin fenti ya tare ni. An fito da kekunan goma sha biyu an jera a rana a kan jaridu. An ciccire kawunan daga teburansu, an fesa musu ruwan goro, launin jam'iyya, tun daga sama har ƙasa, da farin layi a tsakiya. Babu baƙi, babu zanen zinari, babu alli.

Anti Lasifika ta taso tana taɓa hannu. "Sakatariya, zo ki ga amare. Shugaba ta ce ba za a ɗauki hotonmu da baƙaƙen kekuna kamar kayan gado ba. Yanzu duk wanda ya shiga ɗakin mace ya gani ya san daga ina alheri ya fito."

Na ce, "Anti, lambobin fa?"

"Wane lambobi? Ai duk ɗaya ne, kowanne yana ɗinki."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa har fenti ya taɓa gefen hijabina. Na leƙa ƙasa, na leƙa baya. Wallahi kamar an haife su rana ɗaya. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya nuna na bakwai, kuma lambarsa tana cikin wayar da ke hannuna. Na buɗe, na ga saƙonsa na safe: "Gobe ne ko? Allah ya kai mu." In na kira shi sai na faɗa masa dalilin nema. Na mayar da wayar jaka.

Ran Asabar muka yi anko, atamfa ruwan goro mai zanen ganye, da farin mayafi. Aka kafa rumfa biyu, aka jera kekunan a kan dogon tebur, kowanne da ƙyallen ado a wuya. Manyan baƙi suka yi jawabi, Goggo ta yi nata, aka yi tafi. Ni na riƙe takarda ina miƙa wa Anti Lasifika suna tana kira. Mace ta fito, a dafa keke tare da ita, a ɗauki hoto, 'yan uwanta su ɗauka. Wadda ta zo a layi na bakwai, mai goyon nan ce, ta rungume ni tana kuka tana sa mini albarka. Ban san ko nata ne na Ummansa ba, ko na ta uku, ko na ta goma. Ina tsaye ina murmushin hoto har tebur ya zama wayam.

Shi ba ya zuwa taron siyasa, ko na waye. Da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Ta samu?"

Na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. Na rubuta, "An samu 'yar matsala." Na goge. Ina zaune a kan kujerar roba a sito, takalmina a hannu saboda ƙafata ta kumbura, mata suna ta shewa a waje.

Na rubuta, "Ta samu."

Ya amsa nan take, abin da ba ya yi. "Alhamdu lillahi. Kin sauke mini dutse, Malama. Allah ya yi miki abin da kika yi mini."

Addu'ar nan ta fi zagi ciwo. Kwana goma ina ɗauke da ita. A aji in ce yara su buɗe shafi na kaza, sai in tsaya ina kallon allo har wata ta ce, Malama, mun buɗe.

Goggo kuwa ta cika maganarta. Ran Talata bayan la'asar Baba ya kira ni falonsa. Yana zaune da rediyonsa a gefe, ya rage murya. Ya ce, "Yaya ta yi mini bayanin yaron nan. Na yi bincikena ni ma. Ki ce masa ya turo manyansa ran Asabar." Umma tana bayan labule, na ji ta tana hamdala ƙasa-ƙasa.

Na ce wannan ba saƙon waya ba ne. Na sa doguwar rigata shuɗiya wadda ya taɓa cewa ta yi kyau, wato dai ya kalle ta ya ce "to", na yafa farin mayafi, na shafa turare kaɗan. A hanya na shirya komai daki-daki kamar darasi: in fara ba shi albishir, in ya yi farin ciki ya huce, sai in kawo ɗaya maganar a hankali.

Shagonsa ƙarami ne, kekuna a jere har rufi, ƙasa duk baƙin mai. Na yi sallama. Yana zaune a kan ɗan benci ya juya wa ƙofa baya, da kan keke a cinyarsa. Ruwan goro ne. Yana goge fentin da tsumma da wani ruwa mai wari, a hankali, baƙin yana fitowa. A ƙasa ga wasu biyu irinsa.

"Shigo, Malama."

"Waɗannan fa?" na tambaya.

"Dillali ya kawo ɗazu. Ya ce a cire fentin, masu saye ba sa son launin." Ya juya keken ya nuna mini wata 'yar kusa ta tagulla a ƙasan farantin allura. "Wannan ni na yanka ta da hannuna ina shekara goma sha huɗu, da ta asalin ta ɓata. Umma ta ce ba ta yi kyau ba amma ta riƙe."

Na matsa kusa na duba kusar.

"Kwana goma," ya ce. "Ko zare ba a sa masa ba. Man da na zuba yana nan yadda na zuba shi." Ya ci gaba da gogewa. "Ban zaci Inna za ta sayar ba. Ko ba ta gane shi ba, ai kyauta ce."

Ga ƙofa a buɗe, 'yan uwa. Ba Goggo a wurin, ba Umma, ba wanda ya ɗora mini biro a cinya. Ni da shi ne kawai, da matar da ta yi shekara biyu tana juya mahaifiyarsa, ana ɗora mata abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Na ce a raina, in na faɗa yanzu, Asabar ta rushe. Na ce bari ya ɗan huce. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wataƙila da dalili."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Kin fi ni hankali," ya ce. "Inna ba ta sayar da abu haka kawai. Wani abu ya same ta, ko yaro ba lafiya, ko mai gidan haya ya matsa mata. Ni kuma ina nan ina ɓuya wai kada ta gane." Ya miƙe ya goge hannu. "Na yi magana da dillalin, wannan ya zama nawa. Zan mayar mata, yau kam ko ta ƙi sai ta karɓa. Ki raka ni, ke ce kika san yadda ake magana da mata."

"Yanzu?"

"Yanzu. Kin zo da magana ne? Na ga kin yi kwalliya."

"Ta jira," na ce.

Ya naɗe keken a bargo, rabinsa baƙi rabinsa ruwan goro, ya rufe shago ya tare tasi. Ya zauna gaba da shi a cinya, ni a baya. Tafiyar ba ta fi minti ashirin ba. A kowace kwana ina cewa in an wuce wannan zan ce direba ya tsaya. Muka wuce asibitin da muke sharewa, muka wuce ofishinmu, Anti Lasifika tana bakin ƙofa tana jera jarkokin sabulu, har ta hango ni ta ɗaga hannu.

Gidan Inna a ƙarshen wani lungu yake, ƙofar langa-langa ce da labulen buhu. Ya yi sallama. Wata doguwar mata siririya ta fito, da allura a soke a gaban rigarta da wandon yaro a kafaɗa. Da ta gan shi fuskarta ta washe.

"A'a, ɗan nan, kai ne? Na ce ko na yi maka laifi ne, sati nawa ba ka leƙo ba. Wannan ce malamar? Sannu 'yata, ku shigo, ku shigo."

"Inna, lafiya dai ko? Yaran fa?"

"Lafiya lau, sun tafi ɗebo ruwa. Me ka ɗauko haka kamar mai ƙaura?"

Ya durƙusa ya ajiye a bakin ƙofa, ya yaye bargon. Ya ce, "Na dawo miki da shi. Da kin gaya mini abin da ya taso, Inna, ba sai kin rabu da shi ba."

Ta sunkuya. Ta sa yatsa ta shafa wajen da zanen zinarin ya fara fitowa, ta daɗe tana shafawa.

"Wannan ai keken marigayiya ne," ta ce a hankali. "Rabona da shi tun ranar da kuka kwashe kaya. Wa ya yi masa wannan ɓarnar?" Ta ɗago. "Ka dawo mini da shi kamar yaya, ɗan nan? Yaushe ya zo nan?"

Yana durƙushe, hannunsa a kan bargon, ya juyo a hankali ya dube ni.

"Malama," ya ce, "ke kika ce mini ta samu."